Tambarin Buhun Masoro a Goshin Mata Ashirin

Ku gyara zama in ba ku wannan da bakina, tun kafin Toyoko ta riga ni ta ƙara masa gishiri. Ni ke faɗa, jikata ke rubutawa, kuma na gargaɗe ta cewa in ta sauya ko kalma ɗaya zan gane. Ta yi murmushi. Za ku ji dalilin murmushin.

Sunana Fusae. Shekarata saba'in da shida, kuma in ban da bakwai na farko, duk a gonar masoro na yi su, nan Tomé-Açu, garin da iyayenmu suka yi ƙaura zuwa cikinsa daga Japan. Ni ce babba cikin mu tara. Lokacin da ƙannena maza ke tafiya makarantar Japananci da jaka a kafaɗa, ni ina kan tsani ina tsinkar masoro da goyo a baya. Ban taɓa zaman aji ba. Baki kam akwai shi, ina iya wanke mutum tas da Japananci in ɗauraye shi da Fotugis. Amma rubutun kakanninmu, kanjin nan mai kama da sawun kaji a kan ɗanyen siminti, ko ɗaya ban iya ba. Mijina Genzo kaɗai na yarda ya sani. Shekara hamsin da biyu, duk takardar da aka miƙo min a gaban mutane sai in lalubi aljihu in ce na manta tabarau, shi kuma ya karɓa ya karanta. Ni ko tabarau ɗin ban taɓa mallaka ba. Idona ya fi na shaho.

Kowane watan Yuli muna yin ranar wasanni a filin kaikan, wato zauren taronmu. Mu tsofaffin ƙungiyar mata mu ke jan igiya da matan 'ya'yanmu, kuma kowaccenmu kan ɗaura farin ƙyalle a goshi mai ɗauke da rubutun ƙarfafa zuciya. Tun ina amarya tsoho Kanematsu ke rubuta mana su. A shekarar da nake ba ku labari hannunsa ya soma rawa, ko kofin shayi ya ɗauka sai rabi ya isa baki.

Aka zauna taro a kan maganar. Toyoko ce shugaba, wadda ta yi shekara uku a makaranta a birnin Belém kuma ba ta taɓa bari kowa ya manta ba. Ta gyara gashi ta ce, "To, tun da babu wani, ni sai in taɓa. Hannuna dai ya kwana biyu, amma abin da aka koya a makaranta ba ya ɓata."

Da na yi shiru da yanzu ba ku da labari. Amma baki shi ke yanka wuya.

Na ce, "Hannun da ko shinkafa ya dunƙula sai ta watse, shi zai riƙe burushi?"

"Au, Fusae-san, ke za ki rubuta?"

"In ba ni ba wa? Mahaifina a ƙauyensu har allon haikali ya rubuta. Abin a jini yake."

Mahaifina kafinta ne. Allon dai ya fere, wani ya rubuta.

Toyoko ta ce, "Madalla. To ki yi mana mai sauƙi, baƙi biyu kawai, kada mu wahalar da ke."

Wannan "kada mu wahalar da ke" ita ta ƙarasa ni. Na ɗaga ido na dubi bangon kaikan inda aka rataye rubuce-rubucen tsoho Kanematsu, na zaɓi wanda ya fi kowanne cunkoso, na nuna shi da haɓa. "Wancan zan rubuta. Guda ashirin. Kuma nawa ba irin na bara ba ne, da ruwa ya sauko tawada ta zubo mana a fuska muka koma kamar masu toya gawayi. Nawa ko a kogi aka jefa ki ba zai goge ba."

"Karanta mana shi mana, mu ji daɗi."

Na lalubi aljihu.

"Tabarau," in ji Toyoko, tun kafin in buɗe baki. Ta miƙo min ƙyallaye ashirin a ninke. "Saura sati uku."

A hanyar gida Genzo yana tuƙi, muka wuce gada. Sannan ya ce, "Kin san abin da kika zaɓa?"

"Ka tuƙa motarka."

"Layi talatin da ɗaya ne, Fusae. Ni kaina sai na duba littafi kafin in rubuta baƙi na biyun."

"Kai ne. Ni na haifi 'ya'ya shida, biyu a gona."

Washegari na cika kwando da ayaba na nufi kaikan wurin Chinatsu Sensei, wato malama Chinatsu, wata yarinya 'yar shekara ashirin da huɗu da ta zo daga Japan tana koya wa yara harshe. Na same ta ita kaɗai tana goge allo. Na dire kwandon na ce, "Sensei, na zo in gwada ki ne. Iyaye na so su san ko kin iya abin da kike koyarwa. Wancan na bango, karanta min, ki warware min shi dalla-dalla kamar kina gaya wa wanda bai san komai ba."

Yarinyar ta rusuna har gashinta ya kusa share ƙasa. Obachan take kirana, wato kaka. "Futo fukutsu, Obachan. Ma'anarsa, ba lanƙwasawa, ba durƙusawa. Baƙi na farko da na uku iri ɗaya ne, su ke cewa a'a. Na biyun kuma, kin ga hannu a gefensa? Hannu ne ke son tanƙwara abu. Na ƙarshen mutum ne ya duƙa. Wato a'a ga tanƙwaruwa, a'a ga duƙawa."

Na duba, na sake dubawa. Ni ban ga hannu ba, ban ga mutum ba. Shingen kaji na gani wanda iska ta kayar.

Na ce, "Daidai. Ci gaba."

Da na gaya mata a ƙyallen goshin masu jan igiya zan rubuta shi sai ta ce, "In don ɗaurin goshi ne, akwai masu sauƙi. Akwai wanda ke cewa, ko a kan dutse ne, shekara uku. Wato in ka daure ka zauna, dutsen ma zai yi ɗumi. Akwai wata 'yar kalma a ciki, mo, ita ke ba da ma'anar ko da. In kika cire ta, maganar ta mutu."

"Wanda ya zauna shekara uku a kan dutse, wa ke kai masa abinci?"

"Karin magana ne, Obachan."

"Karin maganar malalata. Matarsa na gona kenan. Wani?"

"Faɗuwa bakwai, tashi takwas."

"Mata ashirin za su ja igiya, ki rubuta musu faɗuwa a goshi? Bar ni da na bangon."

Ta rubuta min shi a takarda da burushi, manya-manya, ta sa wa kowane layi lamba, don wai kowane layi da lokacinsa, sama kafin ƙasa, hagu kafin dama. Na ce shinge duk ta inda ka fara kafa shi shinge ne. Ta ce a'a. Yarinyar nan da ladabi, amma a kan wannan ko gezau. Sannan ta ɗauko sandar tawada baƙa wul da ɗan dutsenta ta ba ni aro da hannu biyu. Ta ce in zuba ruwa kaɗan in riƙa gogawa a hankali, rabin sa'a, har zuciyata ta kwanta, wai gugar ma tana cikin rubutun.

Rabin sa'a! Ina da kaji tamanin da masoro a shanya. Na isa gida na jefa sandar a turmi, tabarya uku ta zama gari. Na zuba ruwa, sai ga tsakuwa baƙaƙe suna iyo, tawada kuwa babu. Turmin na wanke sau huɗu, amma duk da haka tafarnuwar da na daka da rana ta sa kifin Genzo ya fito kamar an tono shi daga gobara.

Ya dubi kwanon ya dube ni. "Wannan ma a jini yake?"

"Ci ko ka bari."

Ya ci. Da ya yi min murmushi na ga haƙoransa, sai na fita waje don kada ya ga ina dariya. Sensei kuwa na gaya mata sandar ta faɗi ta karye. Ba ƙarya na yi ba, a turmi ta faɗa. Ta ce ba komai, ta ba ni tawadar kwalba irin ta yara.

Na ce bari in fara gwaji inda ba asara. Na ɗauki tsintsiya da bokitin ruwa na hau simintin shanyar masoro da tsakar rana. Baƙi na farko ya zo da sauƙi, layi huɗu, kamar ƙafar kaza. Na biyun nan mai layi goma sha biyar shi ne ɗan banza. Kafin in kai layi na tara rana ta shanye na farko, in koma in gyara na farko na tara ya tafi. Ina ta zagaye simintin da tsintsiya ina ƙirga da ƙarfi, gumi na zuba, sai na ji murya daga bayan shinge.

"Dona Fusae, wa ake yi wa asiri da rana tsaka?"

Zuleide ce, maƙwabciyata ta shekara talatin, mai bakin da ya fi rediyo nisa.

"Rubutu nake yi, jahila."

"Da tsintsiya? To ni ma kullum da safe ina rubutu a tsakar gidana ban sani ba." Ta leƙo sosai. "In Seu Genzo ne ya yi laifi ki gaya min, na san wata mata a bakin kogi, aikinta ya fi wannan sauri."

Na jefe ta da tsintsiyar. Ta cafe ta tafi da ita, har yau ba ta dawo min da ita ba.

Sati guda ya wuce, na ce wasa ya ƙare, na shimfiɗa ƙyallen ƙungiya na ɗauki burushi. Sensei ta ce a riƙe shi a tsaye kamar ana riƙe da ƙwai a tafin hannu. Ni hannuna adda ya sani. Ƙyalle na farko ya huje. Na biyu baƙi biyu kawai ya ɗauka wuri ya ƙare. Na uku ya yi kyau ƙwarai, na kai wa Genzo da alfahari, ya juya shi sama ya juya shi ƙasa ya ce, "Ta ina ake farawa?" Kafin Laraba na kashe goma sha ɗaya.

Genzo ya zauna kusa da ni a baranda ya ce a hankali, "Kawo in rubuta miki. Ba wanda zai ji."

"Duk ambulan ɗin ta'aziyyar garin nan kai ke rubutawa. Makaho ma ya san hannunka."

"To ki je ki gaya wa Toyoko gaskiya."

"Gara in haɗiye burushin."

Ya tashi ya tafi ɗaure buhuna. Ina bin sa da harara sai idona ya sauka a kan buhunan, na ga sunan gonarmu baƙi ƙirin a jikin kowanne, iri ɗaya sak, ba wanda ya karkace. Na ji kamar an kunna fitila a kaina. Shekara talatin ni ke yanka kwanon tambarin da muke buga wa buhunanmu. Ban san me haruffan ke cewa ba, amma a ba ni zane da kurfi da guduma, zan fitar da shi ko gashin gira ne. Me ya raba goshi da buhu? Faɗi kawai.

Na farke gwangwanin man girki na buge shi ya miƙe, na manna takardar Sensei a kai da ƙullun rogo, na shiga rumbu na rufe ƙofa. Kwana huɗu ina ƙwanƙwasa. Duk inda layi ya zagaye wuri sai ka bar 'yar gada, in ba haka ba tsakiyar ta faɗo. Kowane mai buhu ya san wannan. Na bar gadojina sirara, na goge bakin da magagari. Da na ɗaga kwanon a rana na ga hasken ya zubo ta ramukan, na rantse muku rubutun ya fi na bangon kyau.

Na ɗora shi a ƙyalle na shafa tawadar kwalba. Ta bi ta ƙarƙashin kwano ta malale, ta zama taswirar kogi. Na ce hannuna ne ya yi nauyi, na sake. Na sake. Ba lanƙwasawa, ba durƙusawa, haka na bi sauran tara ɗin nan ɗaya bayan ɗaya har na ga bayansu. Ranar Juma'a ce, wasa Lahadi, ƙyallen ƙungiya ko ɗaya babu.

Ƙyalle ba matsala ba ne, na farke farin zanin gadonmu na tarbar baƙi na yanka ashirin na kalmashe bakinsu a keke. Tawada ce matsala. Ina son mai kauri wadda za ta tsaya inda aka sa ta, kuma ruwan sama ba zai taɓa ta ba, tun da na riga na yi cika baki a gaban mata. Sai na tuna da itacen jenipapo na bayan gidan Zuleide. Ɗanyen 'ya'yansa in aka goge aka matse, ruwan kamar ba komai, amma duk fatar da ya taɓa bayan 'yan sa'o'i takan yi baƙi-shuɗi, ya fi katambiri kamu, sai ya gaji don kansa ya tafi.

Zuleide ta ba ni goma sha biyu tana kallona a karkace. "Ki kula da hannunki fa."

"Ina da safar roba. Ƙyalle zan shafa wa, ba mutum ba."

Ranar Asabar na goge na matse na tace, na zuba garin gawayi don ya fito baƙi nan take, na dama da kunun rogo ya yi kauri. Na gwada a tsumma, ya zauna daram, baki a yanke kamar da reza. Sai aka kece da ruwa har yamma, rumbu na yoyo, ba wurin shanya. Sai da gari ya waye ranar Lahadi na buga su, goma sha bakwai a gida, ukun ƙarshe a bayan motar Genzo a bakin filin wasa, na tura kwanon da sauran haɗin ƙarƙashin kwandon abinci. Ban da lokacin jiran su bushe. Na ce rana za ta ƙarasa aikin a kan goshi.

Da na buɗe su a gaban mata sai suka matso suka zagaye ni. Toyoko ta ɗauki ɗaya ta kai kusa da ido ta nisanta. "Ke kika rubuta wannan?"

"A'a, kaza ce."

"Duk ashirin ɗin kamar tagwaye."

"Haka hannun gwani yake. Ba ya rawa."

"Da ɗan danshi."

"Sirrin tawadar kenan. Ɗaura ki ji sanyi."

Suka ɗaura, kowacce ta ja ta tamke. Har da masu cewa sanyin da daɗi. Ni ban ɗaura ba, ban kuma ja igiya ba a shekarar, domin an ba ni kujera a rumfar manya kusa da tsoho Kanematsu da babban baƙon da ya zo daga Belém. Mai rubutu ai ba ta shiga ƙura. Na zauna da fifita ina gyaɗa kai ga masu gaisuwa.

Tun tara na safe suke cikin rana. Suka yi tseren cokali, suka yi rawa, suka raba abinci, gumi na bin su kamar an kwara musu ruwa, rubutu kuwa ko motsi. Wajen ƙarfe uku aka yi yayyafi, na miƙe tsaye na ce da ƙarfi, "Ku duba goshinsu! Ya zuba?" Bai zuba ba. Sannan aka ja igiya, tsofaffin nan suka kafe ƙafa suna ihun futo fukutsu, suka jawo matan 'ya'yanmu har cikin taɓo. Shekara shida rabonmu da ci.

Aka kira ni gaban lasifika. Ni da ko sunana ban iya rubutawa ba, na tsaya gaban mutum ɗari huɗu na juye musu duk abin da Sensei ta gaya min kamar daga cikina ya fito. "Baƙi na farko da na uku su ke cewa a'a. Na biyu, ku duba da kyau, akwai hannu a gefensa. Yaran yanzu ba sa ganin hannun, don ba su da haƙuri. Mu da aka koya wa tun muna ƙanana, tawada kaɗai sai mu yi rabin sa'a muna gugarta." Na hango Sensei ta sunkuyar da kai tana kallon takalminta. Genzo kuwa ya rufe fuska da hula. Aka yi tafi har da fito.

Sai mai hoto ya ce mata su jeru su kwance ɗaurin goshi su rusuna wa babban baƙo. Suka jeru, suka kwance, suka rusuna, suka ɗago.

Tafin ya mutu a hannun mutane.

Goshi ashirin, kowanne da baƙi huɗu, shuɗi mai duhu, tsaf-tsaf, layi talatin da ɗaya ba wanda ya ɓace. Toyoko na tsakiya tana murmushin hoto, ba ta san komai ba, sai da ta juya ta ga ta kusa da ita. Ta nuna ta. Waccan ma ta nuna ta. Sai ihu.

"Ruwa! A kawo ruwa!"

Aka kawo ruwa, aka kawo sabulun wanki. Wata ta goga lemon tsami, wata ta goga toka. Wani tsoho ya miƙo kwalbar giyar rake daga aljihu, matarsa ta karɓa ta goge goshi da ita sannan ta tambaye shi me ya kawo ta aljihunsa. Duk gugar da suka yi, fatar ce ta yi ja, rubutun sai ƙara fitowa yake.

Daga cikin 'yan kallo muryar Zuleide ta taso, ba ta bukatar lasifika. "Kada ku wahalar da kanku, 'yan uwa! Jenipapo ne, daga bayan gidana! Sati biyu, in an yi sa'a!"

Toyoko ta tako har gabana, ruwan sabulu na ɗiga daga haɓarta. "Sati nawa ta ce?"

"Zuleide tana da ƙari. Kwana goma sha biyu."

"Ranar Asabar jikana zai yi aure, Fusae! Dangin amarya tun daga Castanhal za su zo! Na ɗinka kimono!"

"Shuɗi yana shiga da kowane launi."

Sai da mata biyu suka riƙe ta.

Duk wannan da sauƙi. Ina cikin lissafin yadda zan ɗora laifin a kan zafin rana, sai tsoho Kanematsu ya taso da sandarsa, ya sa Toyoko ta sunkuyo, ya ƙura wa goshinta ido kamar mai duba ƙwai. Ya matsa ga ta biyu, ya matsa ga ta uku. Lasifika na kusa da shi, kowa ya ji.

"Ikon Allah. Shekara saba'in ina riƙe da burushi, ban taɓa ganin burushin da ke barin gada a tsakiyar layi ba. Kuma gadar wuri ɗaya a kowane goshi." Ya juyo. "Wannan ai tambarin buhu ne."

Filin nan rabinsa manoman masoro ne. Suka matso suka duba, sai dariya ta fashe daga wannan rumfa zuwa waccan. Wani ya ɗaga murya, "Kilo hamsin-hamsin ne ko a auna?" Wani ya ce, "Ta tsakiyar ta fi hamsin!" Wani ya ce a kira motar kamfani, kaya sun haɗu.

Genzo ya ture mutane ya zo ya tsaya kusa da ni, hula a hannu, mutumin da ko a bikinmu bai yi jawabi ba. Ya ce, "Salo ne. Salon rubutun ƙauyen mahaifinta ne, can arewa. Haka suke barin…"

Na dafa hannunsa. Shekara hamsin da biyu yana karanta min takarda, ba zan bari ya yi ƙarya a gaban Kanematsu saboda ni ba. Na jawo lasifikar.

"Ba salo ba ne. Gwangwanin mai ne. Ni Fusae ban iya rubutu ba, ban iya karatu ba, ko na Japan ko na nan. Ban taɓa iyawa ba. Abin da na faɗa ɗazu na yarinyar can ne, kuma sandar tawadarta a turmi na daka ta. Shi kenan. Wanda zai yi dariya ya yi yanzu ina tsaye."

Na jira ƙasa ta tsage. Ba wanda ya yi dariya.

Toyoko ta goge haɓa da gefen riga ta ce, "To wa bai sani ba?"

"Me kika ce?"

"Fusae-san, shekara arba'in kina riƙe takardar waƙa a kife a gefena. Duk ƙungiya an sani. Wa kike tsammani ya hana a taɓa ba ki aikin sakatariya?"

Na dubi matan. Goshi ashirin suka gyaɗa min, rubutuna na hawa yana sauka.

"To don me kika ba ni ƙyallen?"

"Na zaci kwana biyu za ki yi ki aiko Genzo-san ya ce hannunki na ciwo, in rubuta abina. Ina na san za ki yi mana lamba kamar shanu?"

Wannan ta fi dariyar zafi. Ashe duk lalube-laluben aljihun nan, ni kaɗai nake wasan, su 'yan kallo ne masu ladabi.

Na wuce mota, na ɗago kwandon abinci na ciro kwanon da sauran haɗin, na dawo tsakiyar fili. Na miƙa wa Toyoko burushi, na ɗora kwanon a goshina na danne da hannu biyu.

"Shafa. Kuma ki cika ramukan da kyau, ban son aikin ganin dama."

Ta shafa. Sau uku ta bi, muguwar.

Ranar Asabar mu ashirin da ɗaya muka shiga wurin biki a jere, kai a sama, Toyoko a gaba cikin kimono. Mun yi shawara ba mai rufewa da hoda, don wadda ta gwada ta fito kamar bangon da aka yi wa farar ƙasa a kan talla. Dangin amarya suka miƙe tsaye, sun zaci wata al'ada ce ta girmama baƙi. Uwar amarya ta zo ta kama hannuna biyu ta ce abin ya burge ta, in da hali ita ma a yi mata kafin a yanka kek. Sannan ta nuna goshin Toyoko ta ce, "Dona, me aka rubuta?"

Toyoko ta buɗe baki za ta amsa, na ce, "Tsaya, ni aka tambaya. Sunkuyo."

Ta sunkuyo tana zagina ƙasa-ƙasa. Na ɗora yatsa a goshinta na bi su ɗaya bayan ɗaya. Kwana huɗu na yi ina sassaƙa su da kurfi, babu lungun da ban sani ba. "Fu. To. Fu. Kutsu. Ba lanƙwasawa, ba durƙusawa." Da na zo kan na biyun sai na ga hannun nan da Sensei ke faɗa, yana nan a gefe, daidai saman girar Toyoko ta dama.

Uwar amarya ta ce, "Kai, Dona, kin yi karatu mai zurfi!"

Na ce, "Baƙi huɗu na iya a duniya, kuma biyu daga ciki iri ɗaya ne."